Abin Da Horia Ya Goyo Zuwa Bukares

Da hantsi jirgin ya fara saukowa. Kowa ya miƙa wuya wajen taga yana leƙen Bukares, ban da Horia, wanda idonsa ke kan jakar goyon da ke tsakanin ƙafafunsa. Tun daga Adelaide ta Ostiraliya, a jirgin farko da na biyu, bai yarda an ɗora jakar nan a ma'ajin sama ba. Ma'aikaciyar jirgi ta yi magana har ta gaji ta ƙyale shi. Ko bayi zai shiga sai ya rataye ta. Tsohon da ke zaune kusa da shi har tsokanarsa ya yi, ya ce in zinariya ce a san masa. Horia ya yi yaƙe kawai, don a cikin jakar akwai wani akwatin roba, a cikin akwatin kuwa tokar mahaifinsa ce, Anghel.

Kada a ɗauka Horia mugun ɗa ne. Ba mugu ba ne, nauyin baki gare shi, kuma a wajenmu nauyin baki kan yi ɓarnar da mugunta ba ta yi ba.

Anghel ɗan Bukares ne. Yana saurayi ya tsere, zamanin da ba a barin kowa ya fita ƙasar, ya bar uwarsa da yayarsa Safta suna amsa tambayoyin hukuma. Ya yi aure a can, ya haifi Horia, ya yi tumbi, ya yi furfura. Ko da aka buɗe iyaka bai dawo ba, kullum sai baɗi. Yana cewa baɗi uwar ta mutu. Sai da ya kwanta a gadon asibiti ya riƙe hannun ɗansa ya ce, "Ka kai ni gida. Ka sa ni kusa da Inna."

Horia ya yi alkawari. Da mai shirya jana'iza ya tambaye shi, binnewa ko ƙonawa, sai ya ga ai ƙonawar za ta fi sauƙin ɗauka zuwa ƙasa mai nisa. A can tambayar nan ba ta fi a ce maka shayi ko kofi ba. Iyayen matarsa duka haka aka yi musu, ba wanda ya ɗaga gira. Sai da aikin gama ya gama sannan ya buga wa Gwaggo Safta waya, matar da bai taɓa gani ba sai a hoto.

Ta yi kuka mai isarta, sannan ta face hanci ta ce, "Kai dai kawo mini shi, ɗan nan. Kada ka damu da komai. Mu za mu buɗe akwatin, mu wanke shi, mu sa masa kaya irin na mutane. Shekara arba'in da ɗoriya ban ga fuskar ƙanena ba. In gan ta sau ɗaya kafin a rufe, shi ke nan buƙatata."

Nan Horia ya gane abin da ya aikata. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ji kansa yana cewa, "To, Gwaggo." Ya ce gobe zai sake bugawa ya yi bayani. Goben ta zo ta wuce, ita da jibinta, har ga shi yau ƙafar jirgi ta taɓa ƙasa. Kabarin Inna kuwa a hannun Safta yake, ita ke share shi, ita ke kunna masa fitila, ba wanda zai shiga cikinsa sai da yardarta. In ta ce a'a, Anghel zai koma Ostiraliya a jaka kamar yadda ya zo.

Abin da ya fara bugun Horia a filin jirgi ba zafi ba ne, ba kuma hayaƙin sigarin da ke tare ƙofa ba. Harshe ne. Duk rayuwarsa daga baki ɗaya ya san Romaniyanci, harshen garin nan, bakin ubansa, a ɗakin girki, yawanci in ana faɗa. Yau ga ɗan sanda yana yin sa, ga mai shara, ga wata yarinya tana yi wa saurayinta tsiwa da shi a waya. Duk inda ya juya muryar ubansa yake ji. Ya ji kamar garin gaba ɗaya danginsa ne, kuma duk sun san abin da ke bayansa.

"Kai! Kangaru!"

Wani ƙato ne mai tumbi, baƙar rigarsa na neman tsinke maɓalli, ya ratso mutane ya rungume shi har jakar ta matse a tsakanin hannuwansa. Sandu ke nan, ɗan Gwaggo Safta, har ya laƙaba masa sunan dabbar nan ta Ostiraliya.

"Ba sai ka faɗi sunanka ba, taubashi. Hancin Kawu Anghel ya riga ka fitowa. Kai, dubi yadda ka yi fari fat, ba sa ba ku abinci a sama ne? Mu je. Mama tana waje tun asuba, ta ƙi zama a gida. Motar gawa ma tana nan, da maƙwabta huɗu masu ɗauka. Ta wace ƙofa za su fito mana da shi?"

"Yaya Sandu," in ji Horia. Romaniyancinsa na yara ne, yau kuma har na yaran ya gudu. "Ba za su fito da shi ba."

"Ban gane ba."

"Yana nan." Ya taɓa igiyar jakar.

Sandu ya dubi jakar, ya dubi Horia, ya sake duban jakar. Ya saki hannunsa daga jikinta a hankali, ya ja da baya, ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa.

"Ƙona shi ka yi?"

Horia ya sunkuyar da kai.

"Ka ƙona Kawu. Kamar shara. Wallahi na so in zagi ubanka, amma ga shi nan a bayanka yana ji." Ya share gumi da tafin hannu. "Kai wane irin mutum ne? Ka san ba limamin cocin da zai yi addu'a a kan toka? Ka san tsohuwar nan mako guda ba ta runtsa ba? Ta dafa alkamar sadaka da hannunta, ta gayyato unguwa kaf, ta sa an buɗe kabari. Waya fa kuke da ita a ƙasarku, ko ita ma ka ƙona?"

"Na kasa faɗa mata."

"Ka kasa. Madalla. Sai ka taho ka kashe mini uwa ido da ido."

Horia ya so ƙasa ta tsage ya shige. Mutum mai shekara arba'in da 'yan kai, mai 'ya'ya biyu, malamin makaranta, ga shi tsaye ana wanke shi tas a gaban masu tasi.

Amma Sandu ɗan Bukares ne, mu kuwa ba a taɓa rufe mana ƙofa mun rasa taga ba. Kafin ya gama huci har ya samo dabara. Ya ja Horia gefe ya rage murya.

"Saurara. Za mu ce an bar akwatin a inda kuka canza jirgi, sai gobe zai iso. Ina da mutum. Zai haɗa mana akwatin ƙarfe, mu sa wannan a ciki da buhun yashi biyu, a liƙe shi ruf. Mu ce dokar lafiya ta hana buɗewa. Mama za ta yi kuka ta haƙura, liman zai yi addu'arsa, Kawu ya kwanta kusa da uwarsa. Kai abu ɗaya ne naka, ka yi shiru. Na ga ka iya."

Horia bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya bi bayansa.

Gwaggo Safta na zaune a bakin motar gawa, 'yar ƙaramar tsohuwa cikin baƙin ɗankwali, ƙafafunta sun kumbura sun cika silifa. Maza huɗu na tsaye a bayanta da huluna a hannu. Da ta ga sun taho sai ta miƙe da ƙyar. Horia ya durƙusa zai gaishe ta, ta shafa kansa da hannu ɗaya, amma ko kallonsa ba ta yi ba. Idonta na can bayan kafaɗarsa.

"Ina yake?"

Sandu ya zuba ƙaryarsa tiryan-tiryan, har da zagin masu jirgi da iyayensu.

"Sun bar shi shi kaɗai?" in ji ta. "A ƙasar da bai san kowa ba?"

"Ai ya saba, Mama. Gobe yana nan."

Sannan ta ce, "Na jira shekara arba'in, kwana ɗaya ba zai kashe ni ba. Sannu da hanya, ɗan nan. Ka sha wahala saboda ubanka, Allah ya ba ka masu yi maka."

Da ta mare shi da ya fi masa sauƙi.

Suka shiga tsohuwar motar Sandu, Horia da Gwaggo a baya, motar gawa na biye da su ba komai a cikinta sai maƙwabta. Horia ya rungume jakar a ƙirji. Sandu ya harare shi ta madubi, ya ce da ɗan Turancin da ya iya don kada tsohuwa ta ji, ya ajiye ta ƙasa, kada a gane. Horia ya ajiye ta a ƙasan mota, yana riƙe da igiyar.

Haka ya shiga Bukares. Ya daɗe yana zana garin nan a zuciyarsa daga labaran ubansa, gari mai toka-toka, mai layin burodi da sanyi. Abin da ya gani daban. Manyan allunan talla ne da shagunan motoci, sannan titi ya buɗe, itatuwan tei suka yi rumfa a kansa, ƙanshin furensu ya cika motar har yana hawa kai. Wayoyi sun cukurkuɗe a jikin turakun lantarki. Gida mai kyau kamar na biki, kusa da shi wani ya zube rabi, kusa da shi bene na gilashi. Masu mota na danna oda kamar ana biyansu. Wata mata na sayar da 'ya'yan itacen ceri a kan kwali, mutane sun yi layi a wata 'yar taga suna sayen burodin zobe mai zafi. Gari ne mai rai, mai surutu, da ya zo da hannu mai tsabta da ya so shi nan take.

Abin da ya hana shi sakat shi ne mutanen bakin titi. Duk inda suka ratsa a hankali, sai ya ga wani ya tsaya. Wani tsoho a tashar bas ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Mai cerin nan ta yi alamar gicciye. Har wani matashi mai babur, da zane a wuya, ya taɓa goshinsa. Motar gawa suke girmamawa, motar da ba kowa a ciki. Mamacin kuwa yana gaba, a ƙasan mota, kusa da wata tsohuwar robar ruwa.

Gwaggo ta ɗan farfaɗo da ta ga gari. Ta shiga nuna masa wurare da yatsa.

"Ka ga can? Nan ubanka ya faɗo daga bayan taragu ya karya hannu. Ni na goya shi har gida, Inna ta zane ni a kan laifinsa. Can kuma gidan wani likita ne, yana da itacen ceri, ubanka ya fi tsuntsaye sanin ranar da zai nuna. Ɓarawon ceri! Yana ba ka labarin nan?"

"Yana bayarwa, Gwaggo."

"Yana maganata?"

"Kullum."

"Maƙaryaci kamar ubansa," in ji ta, amma ta ji daɗi.

A wani babban shatale cunkoso ya tsayar da su cak. Rana ta take, motar ta zama tanda. Gwaggo ta yi nishi, ta sunkuya ta zare silifanta.

"Ƙafafun nan za su kashe ni. Tun asuba suke rataye." Ta laluba da ƙafa, ta ji jakar, ta ɗora dugaduganta biyu a kai ta miƙe su. "Yauwa. Ka yi haƙuri, ɗan nan, ba abin fashewa ciki ko? Me ka cusa mata haka mai tauri?"

Ta ɗan buga jakar da dunduniya, sau biyu.

Sandu ya ƙura wa titi ido, wuyansa ya yi ja. Horia ya dubi ƙafafun nan masu kumburi, masu jijiyoyi shuɗɗa, a kan ubansa. Wannan matar ce ta goya shi da karyayyen hannu. In ya yi shiru yau, gobe za ta rungume buhun yashi tana kiran sunan ƙanenta, shi kuma yana tsaye yana kallo. Kunyar da ta rufe masa baki tun daga Adelaide, ita ce yanzu ta buɗe shi.

"Gwaggo, ɗauke ƙafarki."

"Ka ce me?"

"Don Allah ɗauke ƙafarki. Baba ne."

"Kangaru, rufe mana baki!" in ji Sandu. "Mama, gajiya ce, bai san abin da yake…"

"Ba a bar shi a ko'ina ba," in ji Horia. Kalmomin na fita a karkace, irin na yaro mai koyon magana. "Ba wani akwati da zai zo gobe. Na sa an ƙona shi. Ban san ba a yi ba. Da na sani kuma na ji tsoron faɗa miki. Yana cikin jakar nan."

Ta janye ƙafafunta kamar ta taka garwashi. Ba ta yi ihu ba, ba ta suma ba, abin da Sandu ke tsoro. Ta zauna tana kallon jakar, su kuma na baya suna ta oda don hanya ta buɗe. Can ta sunkuya, ta ɗauko ta da hannu biyu, ta ɗora a cinya, ta share inda ƙafarta ta taɓa da gefen ɗankwalinta.

"Kai ma ka sani?" ta tambayi ƙeyar Sandu.

"Yanzun nan na ji, Mama, wallahi."

"Ka ji, ka dube ni ka ce sai gobe. Ja mota."

Har suka isa, Horia bai ƙara ganin komai na garin ba sai gwiwoyinsa.

Gidan Gwaggo a hawa na uku yake, cikin dogayen benayen nan na unguwar Berceni. Ƙofa a buɗe, an rufe madubai da zane. A tsakar falo an shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, inda akwati zai zauna, da kyandir a kowane gefe. Ga tiren dafaffiyar alkama an yi mata ado da sukari. Tsofaffin mata sun jeru a bango cikin baƙaƙen kaya, da jin motsi a matakala har sun fara jan kukan. A jikin kujera kuwa an rataye sabon kwat baƙi da farar riga, ga hula, ga takalma sau-ciki suna ƙyalli a ƙasa.

Gwaggo ta shiga da jakar a ƙirji, ta buɗe ta, ta ciro akwatin robar, ta ajiye a tsakiyar farin ƙyallen. Bai fi gwangwanin madarar jarirai ba. Teburin ya yi masa yawa ƙwarai.

"Ga Anghel," in ji ta. "Ɗansa ya ƙona shi."

Kukan ya tsaya. Wata ta ce, "Wayyo Allah," wata ta toshe baki. Idanu suka juyo kan Horia, wanda ke tsaye a bakin ƙofa cikin rigar da ya kwana da ita a jirgi. Bai taɓa sanin mutum na iya jin kunya har a tafin ƙafarsa ba.

"Ko karenmu da ya mutu, da jikinsa muka binne shi," in ji Gwaggo. Ba ta ɗaga murya ba. "Ƙonawar ma na ce jahilci ne, ba a koya maka ba, laifin ubanka ne da ya raine ka kamar ba ka da kowa. Amma ka bar ni ina guge kwat? Ka ji ni ina cewa in ga fuskarsa, ka ce mini to? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shi ma haka ya yi. Kunyar ya bar mu a wahala ta hana shi dawowa, sai baɗi, sai baɗi, har Inna ta mutu tana kallon ƙofa."

"Gwaggo, ki yafe mini. Ya ce in sa shi kusa da Inna."

"Ya ce! Ya iya cewa."

Sandu ya yi gyaran murya. "Mama, har yanzu fa ba a makara ba. Liman bai sani ba. In waɗannan iyayen namu suka kama bakinsu…"

"Waɗannan?" in ji wata tsohuwa daga bango. "Ai kafin ka sauka ƙasa an ji a kasuwa."

"Ba zan yi wa liman ƙarya ba, ba zan yi wa Inna ba," in ji Gwaggo. "Je ka faɗa masa gaskiya. In ya zo, ya zo. In bai zo ba, bai yi laifi ba."

Ta juya ta tsaya gaban kujerar nan. Ta shafa kafaɗar kwat ɗin, ta cire wani zare da ba ya nan. A wajenmu kayan da aka yi wa mamaci ba a mayar da su kanti, ba a kuma ajiye su. Ana miƙa su ta saman gawa ga wani baƙo ko mabuƙaci, ya sa a jikinsa, sai mamacin ya samu sutura a can. Kowa a ɗakin ya san abin da take tunani.

"In kira Ilie mai bara a ƙofar coci?" in ji Sandu. "Tsawonsu zai zo ɗaya."

"Ba sai an je nesa ba. Ga baƙo nan a bakin ƙofa. Wanda ya san mu ba zai yi mana haka ba." Ta ɗago kwat ɗin. "Zo nan, tsaya ta can gefen."

Horia ya tsaya a ɗaya gefen teburin. Ta kunna kyandir ta sa masa a hannu, sannan ta miƙo masa kayan ɗaya bayan ɗaya ta saman akwatin robar, riga, wando, kwat, hula, takalma.

"Sadakar Anghel ce," in ji ta. "Me ake cewa?"

Bai sani ba. Wata tsohuwa ta raɗa masa daga baya.

"Allah ya kai masa ladan," in ji Horia.

"Je ka sa."

Ya shiga ɗakin girki ya sa. Kwat ɗin ya matse shi a kafaɗa, wandon da ƙyar ya ɗauru. Da ido ta auna kayan, idon da ya rabu da siririn saurayi. Anghel ɗin da Horia ya sani ko hannu ɗaya ba zai iya zurawa ciki ba. Takalman suka kama masa yatsu kamar tarko. Ya fito yana ɗingishi, ya tsaya inda ya tsaya ɗazu.

Sai a lokacin Gwaggo Safta ta dube shi. Tun daga filin jirgi ba ta kalli fuskarsa ba sai yanzu. Ta zagayo teburin, ta ce ya sunkuyo. Ta cire masa hular, ta ciro mataji daga aljihunta, ta jiƙa yatsa da yawu, ta taje masa gashi gefe guda, ta fitar da tsaga a hagu. Ta gyara masa wuyan riga. Ta ja da baya ta daɗe tana kallo.

"Shi ne," in ji wata tsohuwa can ƙasa-ƙasa. "Wallahi shi ne."

Gwaggo ta kama fuskarsa da hannu biyu.

"Ka tsufa, ɓarawon ceri," in ji ta. "Ka tsufa ban gani ba."

Ta jawo kansa ta sumbaci goshinsa, yadda ake yi wa mamaci kafin a rufe akwati. Sannan ta fashe da kukan da ta tanada, ta kifa kai a ƙirjin kwat ɗin, matan bango suka kama mata. Horia ya tsaya ƙiƙam, hawaye na zuba cikin wuyan sabuwar riga, bai san ko ya rungume ta ba, don ba shi take rungume da shi ba. Ya bar ta ta yi har ta gama.

Da ta gama ta face hanci, ta ɗaure ɗankwalinta da kyau, ta koma Safta ɗinta.

"An buɗe kabarin Inna, ba zan bar ta ta kwana a buɗe ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sandu, sallami motar, maƙabartar ba nisa. Kai kuma ɗauki ubanka."

Horia ya miƙa hannu zai ɗauko jakar goyon.

"Ba a jaka ba. Ya gaji da ɓuya. A hannu, a gaba, inda kowa zai gani."

Suka sauko. Horia na gaba da akwatin robar a tafin hannuwansa, Gwaggo na dafe da gwiwar hannunsa, matan na biye da tiren alkama da kyandirori, maƙwabtan nan huɗu na tafe hannu rabbana don ba abin ɗauka. A ƙofar benen wasu tsofaffi na zaune a benci suna buga dara, mai kanti na tsaye yana shan sigari. Suka ɗago suka ga wani mutum cikin matsattsen kwat riƙe da roba kamar mai kai abinci, suka mayar da kai kan wasansu. Ɗazu gari guda ya cire wa motar banza hula, yanzu ga mamacin da kansa ba wanda ya motsa.

Gwaggo Safta ta tsaya cak, ta tsayar da jerin gaba ɗaya.

"Kai, Vasile! Kai ma, Marin! Ba tare kuka yi makaranta ba? Ku tashi ku cire hula, Anghel ne ke wucewa."

Suka miƙe a ruɗe, darar ta zube, suka cire huluna suna kallon robar, suna kallon fuskar mai ɗauke da ita. Mai kanti ya yar da sigarinsa. Horia ya so ya sunkuyar da kai, tsohuwar ta matse masa hannu.

"Ɗaga kanka," in ji ta. "Bari su ga fuskarsa."

Ya ɗaga, suka ci gaba da tafiya, takalman na cin ƙafarsa.